Ta Ɗaya a Lakkwal, Ta Biyu a Gida

A lakkwal ɗinmu, wato makarantar bokonmu ta Dakoro, yaro ba ya zaɓen wurin zama, sakamako ne ke zaɓar masa. Duk bayan kompo, wato jarrabawar da ake yi mana sau uku a shekara, mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu, yakan fitar da mu waje mu yi layi cikin rana, shi kuma ya tsaya bakin ƙofa da takarda yana kiran suna. Wanda ya zo na ɗaya ya shiga ya zauna a bencin gaba, jikin taga, inda iska ke shigowa. Na biyu ya zauna gefensa. Haka za a yi ta shiga har a kai na ƙarshe, wanda zai ratsa ajin kowa na kallonsa, ya nufi ƙuryar da ake jingine tsintsiya. Ban taɓa jin wani babba ya ce wannan mugunta ce ba. Iyaye ma so suke, don ko wanda bai san baƙi ba, in ya leƙa ta taga ya ga inda ɗansa yake.

Daga aji ɗaya har aji uku wurin tagar nan nawa ne. Na saba da shi har na ɗauka gadona ne. Ana nan sai aka kawo gidanmu 'yar kawuna.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a wani ƙauye bayan Ɗan Gulbi, yana noman gero da wake, yana kiwon awaki da tumaki. Da ƙuruciyarsa ɗan kokowa ne, kuma har furfura ta fito masa tafiyar 'yan kokowa yake yi, hannuwa a ware, ƙirji a gaba. Lakkwal ɗin ƙauyensu rumfar zana ce da ta tsaya a aji uku, kuma malamin can ya matsa masa da cewa yarinyar nan tana da kai, kada a bar ta bayan awaki. Kawu bai so ba. Matarsa ba ta da wata 'ya mace da ta tasa, ga rijiya da nisa, ga daka safe da yamma. Amma an yabi jininsa a gaban mutane, shi kuwa yabo ne lagonsa. Sai ya ɗauko ta wata ranar kasuwa, da ƙullin kayanta da rabin buhun gero, ya sauke a tsakar gidanmu.

Ina zaune a wurin ina tsince wake, don haka da kunnena na ji sharaɗin.

"Ga ta nan, amana," ya ce wa Inna. "Amma ki ji ni da kyau. Ban ɗauke ta ga aikin uwarta ba don ta zo ta zamna bayan ɗiyan wasu. In ita ke gaba, ta zamna har inda karatun ya ƙare. Ran da anka wuce ta, ta komo gida."

Baba, wanda dillali ne a kasuwar bisashe kuma ya saba da lallashin masu taurin kai, ya ce, "Yaya, karatun lakkwal ba kokowa ba ne. Na biyu ya ci, na goma ma ya ci."

"Ni dai abin da na sani," in ji Kawu, "mutum biyu ke shiga hili, guda ya hito da ƙasa a baya. Ban san wani na biyu ba."

Aka yi dariya, ni ma na taya su. Na dubi baƙuwar, 'yar ƙarama da ita, siririya, kai a sunkuye, na ce a raina wannan kafin a yi girbin baɗi ta koma inda ta fito.

Kawu bai gama fita ƙofar gida ba ta ɗago kai ta ce mini, "Ke ce baiwar tawa? Ɗauki kayan nan ki kai ɗaki." Taubasai ne mu, ita 'yar namiji ni 'yar mace, don haka al'ada ta ba ta bakin faɗin haka, kuma ba ta yi wasa da damar ba ko kwana ɗaya. A gaban manya ba a jin muryarta. Da mun rage mu biyu sai ta buɗe baki, ta yi wa tafiyata ba'a, ta yi wa hancina, ta ce mu mutanen gari ko tatsar akuya ba mu iya ba. Tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, kullum cikin faɗa. Ina sonta, amma sai daga baya na san haka.

A kompon farko na aji huɗu mushe ya kira sunanta kafin nawa. Na tsaya a layi ina jiran ya ce ya yi kuskure. Bai ce ba. Ta wuce ni ta shiga ta zauna jikin taga, har da gyara zane, ni kuma na zauna gefenta fuskata kamar an mare ni. Tun daga ƙofar lakkwal har gida kuka nake, ita tana bayana tana cewa in yi a hankali kada majina ta ɓata karne, wato takardar sakamakon da ke hannuna.

Abin da ya faru a gida ya fi rasa tagar zafi. Sai na ɗan yi bayani a nan. Ni ce 'yar fari ga Inna, ita kuwa mace ce mai riƙon alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son ni sai ta ce "ke", in tana magana a kaina sai ta ce "waccan". Ƙannena takan ɗauke su a cinya, ta kira su da suna, ta yi musu wasa a gaban kowa. Ni ko zazzaɓi nake, sai ta tabbatar ba mai kallo kafin ta taɓa goshina. Na san al'ada ce, akwai 'yan fari da yawa a unguwarmu, duk haka ake yi mana. Amma sanin dalili bai taɓa hana ni jin zafin ba. Shekara uku ina kawo ta ɗaya, Baba ya sa hannu a karne, ya ce madalla, ya sayo mini kilishi. Inna kuwa ko kallon takardar ba ta yi, sai dai ta ce in na gama tsalle ga wanke-wanke can.

Ranar da taubashiyata ta kawo ta ɗaya, Inna ta ajiye muciya ta rangaɗa guɗa. Har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ban san Inna ta iya guɗa haka ba. Ta rungume ta, ta kira ta da suna har sau uku, ta ce ɗiyar yayanta ba ta ba ta kunya ba. Ina tsaye da karnena a hannu. Tun daga ranar ba taga nake nema ba, guɗar nan nake nema.

Duk shekarar aji huɗu ita ce gaba, ni ina biye. Mukan yi karatu da la'asar a gindin dogon yaron ƙofar gida. Ita ba ta ɓata takarda wurin lissafi, a rairayi take yi da yatsa, ta share da tafin hannu, kuma sau da yawa kafin in gama kwafe tambayar ta ba da amsa. Ta ce duk wanda ya taɓa komawa gida da garke babu akuya ɗaya ba sai an koya masa ƙirga ba. Ita ta zaunar da ni ta koya mini rabawa, bayan mushe ya yi har ya gaji, tana koyarwa tana zagina. Ni kuma na fi ta dikte, wato shifta, don na girma ina jin faransanci a rediyon Baba, sai nake karanta mata tana rubutawa, ina rama zagin. Yanzu in na tuna sai in ga kowace a cikinmu wasa wuƙar 'yar'uwarta take yi, kuma ba mu taɓa ɓoye wa juna komai ba.

Gidanmu kuwa an tsaya mana. Baba ba ya sayo bik, wato biro, guda ɗaya, sai biyu, iri ɗaya, don kada a yi rigima, duk da haka sai mun yi. Makon kompo Inna takan hana taubashiyata taɓa taɓarya, ta ce amana ce, kada hannunta ya yi kanta ta kasa riƙe bik. Ni kuma sai ta ce wa ƙanena, "Kai, tahi pampo. Waccan in ta ɗauko ruwa rabi take zubarwa a hanya." Ko ta ce kada in taɓa mata daka, tsaki nake bari. Sai in koma gindin dogon yaro ina huci, in buɗe littafi. Na yi shekaru kafin in lura cewa a makon kompo kaɗai nake zama marar iya aiki.

A aji biyar, kompon farko, mushe ya kira sunana kafin nata. Rabin maki ne tsakaninmu, kuma a lissafi na same shi, a kan rabawar da ita ta koya mini. Na shiga na zauna jikin taga, na gyara zane yadda ta yi bara, don ta gani. Ta shigo ta zauna gefena, ko ba'a ba ta yi mini ba. A hanya ma babu ba'a. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Jibi kasuwa. Baba na tahe."

Sai a lokacin sharaɗin ya faɗo mini a rai, kuma ba zan yi ƙarya ba, bai dame ni sosai ba. Guɗa nake tunani. Na shiga gida da gudu na miƙa wa Baba karne. Ya duba nawa, ya duba nata, ya dubi Inna. Ya sa hannu, Inna ta karɓi takardun biyu ta shiga ɗaki ta sa su cikin wata kwalla a saman jerenta, ta rufe. Da ta fito sai ta ce wa taubashiyata ta zo ta ci abinci, ni kuma ta ce ga wanke-wanke can.

Kawu ya zo ranar kasuwa kamar yadda ya saba. In ya miƙa wa Baba bisashen da ya kawo, sai ya shigo gida da azahar ya zauna a rumfa, a dama masa fura. Bayan gaisuwa ya yi tambayar da yake yi duk zuwa.

"To, ya labarin hilin? Har yanzu tawa ke gaba?"

Inna mace ce mai tsoron Allah, ba ta iya shirga ƙarya kai tsaye. Ta ci gaba da dama fura ta ce, "Haba Yaya. Yaushe ɗiyar mace ta taɓa wuce ɗiyar namiji? Waccan ai sai addu'a."

Kawu ya yi dariya har da buga cinya. Ya ciro cuku daga jakarsa ya ba 'yarsa, ya ɓantaro kusurwa ya ba ni, ya dafa kaina ya ce in dage, wata rana zan kamo ƙafar uwargijiyata. Taubashiyata ta karɓi cukun kai a ƙasa. Baba yana kallon bakin rumfa kamar an aike shi ƙirga kara.

A wurin manya maganar Inna ba ta da aibi. Haka uwa ke faɗa a kan 'yar fari ko da ita ce ta fi kowa a garin, kuma haka ake wasa tsakanin 'ya'yan mace da na namiji. Ta fake a bayan al'ada biyu, ta rufa wa yarinya asiri, ba ta yi rantsuwa ba. Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya, abin da na gani shi ne na yi wahala na ci, uwata ta ɗauki cin ta ba wata.

Kawu kusan kowace kasuwa yake zuwa a ranin nan, kuma kowane zuwa sai an maimaita. Ya tambaya, Inna ta kauce, a yi dariya, a dafa kaina. Babu wanda ya kira ni gefe ya ce, kin ga dalili kaza, ki yi haƙuri. Baba ya ɗauka na gane. Inna kuwa ko ta so, ba ta da bakin zama da ni ta yi irin wannan magana, don yin ta daidai yake da yabona. Ita ma taubashiyata ba ta taɓa roƙona in yi shiru ba, girman kanta ba zai bar ta ba. Abin da ta yi shi ne ta mai da abin wasa. Wata rana muna dawowa daga lakkwal ta ce, "Mun raba daidai, baiwata. Ke ki ci a lakkwal, ni in ci a gida." Na san wasan taubasai ne, kuma na san tsoro ne ya sa ta faɗa. Duk da haka kwana biyu ban yi mata magana ba.

Ta yi karatu a watannin nan kamar za ta mutu. Da an idar da sallar asuba tana waje da littafi, tana rawar sanyi. Ni ma sai in tashi, don ba zan kwanta tana karatu ba. A kompo na biyu na sake wuce ta, wannan karon ma da kaɗan. Karne ya sake shiga kwalla.

Kasuwar da ta biyo baya a tsakiyar bazara ta faɗo, zafi har ƙasa ba ta takuwa. Kawu ya shigo gida da azahar yana jaye da 'yar akuya ja, mai sheƙi, wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Ya ɗaure ta a jikin turken rumfa, ya zauna, aka kawo fura. Baba ma ya shigo cin abinci.

"Wagga ta mai gaba ce," in ji Kawu. "Shekara biyu ba a kada ta ba. Na hwaɗa ma mutanen garinmu, ɗiyata ta tahi Dakoro ta zamne ɗiyan birni." Sai ya juyo wurina. "Ke kuma in kin kamo ta, baɗi in kawo miki kaza."

Inna tana kwashe tuwo, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kaza ma ta yi mata yawa."

Aka yi dariya. Ba wata sabuwar magana ba ce, na ji irinta sau ɗari. Amma ranar wani abu ya tsinke mini. Na tashi na shiga ɗakin Inna, na taka gado da ƙafata mai ƙura, na sauko da kwallar, na buɗe. Na ji Inna tana cewa "ke, ke", ban tsaya ba. Na fito tsakar gida na tsaya gaban Kawu, ban durƙusa ba, na buɗe karnena na karanta da ƙarfi kamar mushe a bakin ƙofa. Na faɗi sunana, na ce ta ɗaya. Na buɗe nata, na faɗi sunanta, na ce ta biyu.

'Yar akuyar ta fara kuka a turke. Yarinya ta yabi kanta a gaban kawunta, ta kuma ƙaryata uwarta. Ko babu wani sharaɗi, wannan kaɗai abin a yi kwanaki ana magana ne.

Kawu bai iya karatu ba, don haka ya ajiye ludayi ya dubi Baba. "Gaskiya ta hwaɗi?"

Baba yakan iya sa mai saye ya ga tsohuwar tunkiya kamar jiya aka haife ta, amma ranar bakinsa bai yi masa aiki ba. Ya ce, "Yaya, abin da ke tsakaninsu bai kai maki guda ba."

"Ban tambaye ka tsakani ba. Wa ke gaba?"

Baba ya nuna ni da haɓa.

"Tun yaushe?"

Babu wanda ya amsa, sai ni. Na ce tun kompon farko, tun lokacin sanyi. Har yau in na tuna cewa ni na ƙara wannan, ba tare da an tambaye ni ba, sai in ji kunya ta rufe ni.

Kawu ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Ina tsammanin da tun farko aka gaya masa, da wataƙila ya yi faɗa, Baba ya lallashe shi, a wuce wurin. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne watannin da ya yi yana kirari a ƙauye, alhali a gidan ƙanwarsa kowa ya san gaskiya, har yara.

"Ashe ni kunka mayar abin dariya," ya ce a hankali. Ya dubi 'yarsa. "Tashi ki haɗa kayanki."

Inna ta saki kwano ta durƙusa gabansa, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce laifinta ne, ya hukunta ta, ya bar yarinya ta ƙare shekara. Baba ya ce saura wata uku kawai, kuma ko mushe zai shaida babu kamar su biyun a ajin. Kawu ya ce ya yi magana a wannan tsakar gidan, kowa ya ji, shi kuma ba ya magana biyu.

Taubashiyata ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayanta a zane ɗaya kamar yadda ta zo da su. Littattafanta ta jera su a kan tabarma ta bar su. Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "To, kin ci a gida ma." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

Sun kai ƙofa Baba ya kwance akuyar ya bi su da ita. Kawu ya ce a mayar. "Ta mai gaba ce na ce. A ba ta abinta." Suka tafi tasha suka hau motar kasuwa. Akuyar ta yi kwana uku tana kuka a turke, kuma ni aka bar wa ba ta dusa da ruwa, tunda tawa ce.

Baba ya je ƙauyen har sau biyu. Mushe ya ba shi takarda ya kai, aka nemo mai karantawa, Kawu ya saurara har ƙarshe ya ce a gaishe da mushe. Ya ce sai bayan damina a gani. Bayan damina matarsa ta haihu, aka ce sai ta yi arba'in. Daga nan maganar ta bi ruwa. Ba mugu ba ne Kawu, ya ci gaba da zuwa gidanmu bayan fushin ya huce, yana kawo mini cuku, har ya rasu bai sake tayar da zancen ba. Ina jin shi ma ya so a samu hanyar da zai janye ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba, ba a samu ba.

Yau ni ke koyarwa a wata lakkwal a nan Dakoro. Ba na jera yara bisa sakamako, amma hakan bai hana komai ba, don tun kafin in gama gyaran takardu iyaye ke kirana a waya, ba su tambayar me yaro ya iya, sai na nawa ya zo, kuma ɗan wane na nawa. Taubashiyata tana can bayan Ɗan Gulbi da 'ya'yanta da garken awakinta, kuma dillalan kasuwar bisashe sun san ba a yi mata wayo a lissafi. In ta shigo gari gidana take sauka, tun daga ƙofa take kiran baiwarta ta kawo ruwa. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin ba ta haƙuri, ta ce in ba ni da abin faɗa in tashi in dama mata fura. Wasiƙa in ta zo mata, ko takardar likita, ajiyewa take sai ta zo in karanta mata, don faransancin ya gudu.

Amma in koma waccan shekarar. Inna ba ta doke ni ba, ba ta ko yi mini faɗa ba. Na so ta yi, na riƙa gilmawa ta gabanta ina jira. Ta ci gaba da "ke" da "waccan" kamar babu abin da ya faru, sai dai ta daina dariya a tsakar gida, kuma makon kompon ƙarshe ma ta ce wa ƙanena ya tafi pampo, waccan zubar da ruwa take.

Na zo ta ɗaya da tazara mai yawa. Wani yaro ne ya zauna gefena, ban ma riƙe sunansa ba. Na dawo gida ni kaɗai da rana tsaka, na tarar Baba bai dawo ba, Inna tana zaune a rumfa tana tankaɗe. Na so in wuce ɗaki in ajiye karnen, sai ta miƙo hannu. Ba ta taɓa yin haka ba. Ta goge garin hannunta a zane, ta karɓa, ta buɗe, ta daɗe tana kallon shafin duk da ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba.

"Ta nawa?" ta ce.

Na ce ta ɗaya.

"Na sani," ta ce. "Tun kina aji guda nike sani, ba a taɓa kawo takardar ga ban sa an hwaɗa mini abin da ke ciki ba. Ke ce ta ɗaya. Ga shi na hwaɗi da bakina, kin ji." Ta rufe karnen ta miƙo mini. "Aje shi inda kika ga dama. Yanzu ba wanda za a ɓoye ma."

Ta ja rariya ta ci gaba da tankaɗe. Na tsaya a wurin da takardar a hannu, ban san inda zan kai ta ba.